Gurgun da ke ƙarshen layi

A Kalaba na fara sanin cewa mun yi nisa da gida. Ni da Dikko ne, ɗan kawuna, taubashina. Ni ɗan Wagini ne ta ƙasar Batsari, ubana manomi, uwata Bafulatana. Shi kuwa a rugar Kawu da ke bakin dajin Ruma ya tashi. Farin da ya cinye shanu ne ya fito da mu. Garken Kawu ya ragu har ba ya bukatar makiyayi biyu, ni kuma na gama firamare ban sami abin yi ba sai rubutu a jikin motocin haya da ƙofar shago, don hannuna yana da kyau. Dikko ya baro matarsa Hanne da ɗiya tana rarrafe, Binta. Saboda su biyun nan nake taka-tsantsan da labarin nan. Abin da idona ya gani zan ce na gani, abin da aka gaya mini zan ce an gaya mini.

Wani dillali mai jar hula ya tare mu a zangon Hausawa.

"Samari, kiwo kuke nema? Akwai tsibiri nan kusa, ana ce masa Fanya. Shanu a kan dutse, ciyawa har wuya, babu mai kiwo. Tsakaninsa da nan kamar Batsari da Safana."

"Ka san Safana?" na tambaye shi.

"Ni? Can aka binne cibiyata."

Na ce to wace rana kasuwarta take ci. Sai tari ya kama shi. Na ja Dikko gefe na ce mutumin nan maƙaryaci ne.

"Kaɗo," in ji Dikko, haka yake kirana, "kai ko ruwan randa aka ba ka sai ka tambayi wanda ya haƙa rijiyar. Mu tafi."

A bakin ruwa dillalin ya karɓe mana buhun ƙulikuli da yajin da innata ta haɗo mana, wai doka ta hana shiga ƙasar da abinci. Kwalekwale na tashi muka hango shi zaune a kan gungume yana gurgurar ƙulikulinmu, yana ɗaga mana hannu. Dikko ya yi ta dariya har hawaye. Ni ban yi ba.

Kwalekwalen babba ne mai inji, an cusa mu kamar buhunan gyaɗa. Ban taɓa ganin ruwan da ba shi da ƙarshe ba. Amai ban bar komai a cikina ba, amma abin da ya fi damuna shi ne salla. Ruwan gishiri yana yin alwala? Gabas kuma ina take, tunda kwalekwalen juyi yake yi? Duk sallar da na yi a kan ruwan nan sai da na rama ta bayan mun sauka, kuma har yau ban tabbata ba ko ramuwar ma ta yi.

Tsibirin kore ne shar, ruwan sama kamar an manta an rufe shi. A tashar jirgi aka jera mu, wani shugaban lebura yana duba hannuwanmu. An sauko da wani bijimi daga jirgi ya ƙwace yana neman tunkuyin mutane, Dikko ya fita daga layi ya yi masa wani sauti da baki, ya kama hancinsa, bijimi ya tsaya. Nan take aka ce shi dutse za a kai shi, inda shanun suke. Ni aka duba tafin hannuna aka tura ni gonar koko, wurin shanya.

A nan na haɗu da Iya Rosa. Tsohuwa ce 'yar asalin tsibirin, Kirista, tana sayar wa lebura dafaffiyar ayaba da miya. Da Turancin buroka muke magana. Ta lura ina sayen ayaba gaya, ba na taɓa miya, ina ta ramewa. Da ta tambaye ni na ce ina tsoron tukunyar ne, ban san irin naman da aka dafa a ciki ba. Na zaci za ta ji haushi. Washegari ta zo da sabuwar tukunyar ƙasa, ta ɗaga mini ita in ga gindinta bai taɓa wuta ba.

"Wannan taka ce, ɗana. Kifi da ganye kawai za ta sani. In ka ƙi ci kuma, uwarka za ta ce ni na kashe ka."

Na ci ina hawaye, don miyar ta tuna mini da ta kuka, ko da yake ba su yi kama ba ko kaɗan.

Sannu a hankali na gane irin ƙasar da muka shigo. Hoton Shugaba yana kowane ɗaki, har ɗakin shanya koko. Akwai samarin gwamnati masu huluna iri ɗaya, suna yawo da bindiga, kowa yana kauce musu. Aka rufe cocin su Iya Rosa. Aka farfasa kwalekwalen masunta don kada wani ya tsere, sai kifi ya yi wuya a ƙasar da ruwa ya kewaye. Mutanen tsibirin na asali aka fi sa wa ido, musamman masu ilimi. Akwai wata babbar mota mai shuɗin kai, idan ta shiga ƙauye ta fito da maza a tsaye a bayanta, ta bi hanyar bayan gari. Idan ta dawo babu kowa a ciki, kuma an wanke ta. Ɗan Iya Rosa, Matiyu, malamin makaranta ne. Motar ta ɗauke shi tun kafin zuwanmu.

Wata rana na rubuta lambobi a jikin buhunan koko, Sakataren gunduma ya gani, ya ce a kawo masa mai wannan hannun. Na shiga ofishinsa ina zaton wani laifi na yi. Ashe aiki zai ba ni.

A gaban ofishin akwai wani ƙaton allo na katako, ya fi mutum biyu tsawo. An rubuta sunayen ƙauyukan gundumar daga sama zuwa ƙasa, gaban kowane suna an jera 'yan mutum-mutumi da baƙin fenti. A can ƙasa akwai layi ɗaya da ke cewa kowane mutum-mutumi yana tsaye ne a madadin mutum kaza. Idan mutanen ƙauye ba su isa su cika na ƙarshen layi ba, sai a rage masa wani abu, ƙafa ko hannu ko rabin jiki. Ruwan sama ya ci fentin, mai zanen na da kuma motar ta tafi da shi. Ni zan sabunta.

Hankalina ya tashi, ba don motar kaɗai ba. Tun ina yaro malaminmu na allo ya tsoratar da mu game da zana abu mai rai. Na kwana ina juyawa, na yanke shawarar zan yi su ba fuska, babu ido babu baki, kai kawai kamar ƙwallon goriba. Sakatare bai damu ba. Ya ce haka ma ya fi tsafta.

Ya ba ni sababbin lambobin ƙauyuka, na zauna na yi lissafina a tsanake, na sake yi don kada in yi kuskure, na zana. Layuka da yawa suka gajarce. Waɗanda ke ƙarshe kuma, wannan ba ƙafa, wancan rabi. Sakatare ya fito ya tsaya, hannu a baya.

"Wa ya ce ka zana mini guragu?"

"Yallaɓai, haka lissafin ya bayar."

"A ƙarƙashin Shugaba babu gurgu. Babu kuma layin da zai gajarce. Ka mayar da su yadda suke."

Mutum ne mai son a ce shi ba ya ƙarya. Sai ya fito da dabara. Ya ce a goge layin ƙasan nan. Kowane ƙauye a rubuta masa tasa lambar a gefe, da haruffa ƙanana, yadda sai wanda ya hau tsani zai iya karantawa. Ƙauyen da motar ta ziyarta, ba a taɓa mutum-mutuminsa ko ɗaya. Lambar gefen ce kawai take raguwa, kowane ɗaya ya koma wakiltar mutane kaɗan. Daga ƙasa kuwa layi ya cika fam, kowa da ƙafafunsa biyu.

Baƙi sukan zo daga wasu ƙasashe a fararen motoci, su tsaya gaban allon su ɗauki hoto, suna gyaɗa kai. Wani ma ya dafa kafaɗata ya ce aikin ya yi kyau. Ban ga laifinsu ba. Ni da na zana da hannuna, idan na tsaya tsallaken titi na dubi allon, sai in ji kamar lafiya ake zaune.

Iya Rosa ta zo da tukunyata ranar, ta daɗe tana kallon layin ƙauyensu. Ta nuna na uku daga hagu.

"Wannan Matiyu ne. Haka yake tsayawa, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya."

Burushi ne ya zame mini a wurin, amma ban gaya mata ba. Tun daga nan duk safiya sai ta gaishe shi a hankali kafin ta wuce. Ta roƙe ni in zana masa idanu, na ce ina tsoro. Ba ta sake roƙo ba.

Dikko yakan sauko daga dutse jefi-jefi, ya kawo mini nono a gora. Ya yi ƙiba, ya koyi yaren mutanen dutsen, yana kwana a gidajensu. Ran da ya fara ganin allon ya riƙe haɓa.

"Kaɗo, waɗannan mutanen naka ina fuskarsu?"

Na gaya masa dalilina.

"To, ka tsira daga wuta. Amma in ɗaya ya ɓata, ya za a yi ka san wanne ne?" Ya sa na nuna masa layin ƙauyen da ke ƙasa da nasu. Ya ƙura masa ido. "Garin nan na bi ta cikinsa yau da safe. Mata ne ke saran itace, mata ne ke gyaran rufi. A nan kuwa ga su cif."

Na ce ya rage murya, na nuna masa 'yar lambar gefe.

"Baffa bai taɓa ƙidaya shanunsa ba," ya ce. Baffa yake kiran mahaifinsa. "Amma ka ɓoye maraƙi ɗaya ka gani. Tun daga nesa zai ce ina ɗan Wule."

Wule saniyarsa ce mai farin goshi, wadda Kawu ya ba shi tana karsana, kamar yadda ake ba kowane ɗa tasa. Ita fari bai ɗauka ba. Duk hirar gida da za mu yi sai ya sako ta, har nakan ce ya fi kewarta a kan Hanne. Ya ce Hanne tana da bakin faɗin abin da ke damunta, Wule kuwa sai shi.

Ga abin da na gani. Da hantsi ne, ina kan tsani. Motar mai shuɗin kai ta sauko daga hanyar dutse. A cikin mazan da ke tsaye a baya akwai Dikko, ba malfa a kansa, hannuwansa a baya. Idonmu ya haɗu. Na buɗe baki, sai ya kawar da kai kamar bai taɓa ganina ba. Na daɗe ina tambayar kaina ko fushi ya yi da ni saboda allon, ko kuwa ba ya so samarin su gane mun san juna. Motar ta bi hanyar bayan gari. Kafin la'asar ta dawo a wanke. Sakatare ya leƙo ta taga ya ce in rage lambar ƙauyen dutse.

Ga kuma abin da aka gaya mini. Wata mata daga dutsen ta faɗa wa Iya Rosa cewa da samarin suka zo kwasar maza, sun ce wa Dikko ya koma gefe tunda shi baƙo ne. Sai wani daga cikin samarin ya auna wata saniya mai ciki don nishaɗi, Dikko ya ture bakin bindigar. Ban gani ba. Amma ya yi kama da shi.

Na je duk inda ƙafata za ta iya zuwa, ba wanda ya ce ya san sunan. Iya Rosa ce ta hana ni ci gaba da tambaya. Ta ce hanyar nan ba ta taɓa dawo da kowa ba, kada in sa ta sake rasa ɗa.

Da abin ya tsananta har a kan leburorinmu, gwamnatinmu ta aiko jiragen ruwa a kwashe 'yan ƙasa. Iya Rosa ba ta da inda za ta. Ta naɗe tukunyar a tsumma ta ba ni. Da safen da zan tafi na hau tsani kamar zan yi gyara, na ɗiga wa na ukun nan ɗigo biyu a gurbin idanu da bakin burushi. Ina neman gafarar Allah a kai har gobe. Na waiwayo daga kwana na gan ta tsaye a gaban allon, hannu a baki.

Zazzaɓi ya kwantar da ni a sansanin da aka sauke mu, don haka wata jarida ta riga ni isa Ruma. Malam Audu ne ya kai ta, malamin firamare a Safana, mijin yayar Dikko. A cikinta an yi zane irin wanda na sani: layi biyu na mutum-mutumi, na sama waɗanda suka tafi tsibirin, na ƙasa waɗanda suka dawo. Tsawonsu ɗaya. Duk rugar ta gani, duk an yi hamdala. Da na iso ni kaɗai na faɗi abin da na gani, sai aka yi ta kallona.

"Ka ga gawarsa?" in ji wani daga cikinsu.

"Ban gani ba."

"To ai ga shi gwamnati ta ce kowa ya dawo. Yana Ikko yana cin kuɗin mai. Wa ya ga Ikko ya tuna da ruga?"

Liman ya ce ba zai yi masa salla ba sai magana ta je gaban alƙali, alƙali kuma ba zai saurara ba sai mahaifi ya kai da kansa. Kawu ya ce ba inda za shi. Ya ninke jaridar ya sa a jakar fatarsa. Hanne ta zauna, ba matar aure ba, ba mai takaba ba. Ba ta iya komawa gidansu, ba ta iya kuka a fili don kada a ce tana yi wa mijinta fatan mutuwa. Idan mota ta tsaya a bakin hanya sai ka ga ta ajiye ƙwarya ta miƙe. Damina ta wuce a haka. Ni kaina na fara shakka. Idan motar ta sauke shi a wani wuri fa? Idan na sa aka raba masa aure, ya dawo, da wane ido zan dube shi?

Wata safiya na je rugar lokacin tatsa. Na gai da Kawu, na tambayi gajiya, na tambayi shanu, na tambayi iyali, sannan na roƙe shi ya ba ni jaridar in duba da kyau, don a baya daga nesa kawai aka nuna mini. Ya ciro ta, ta yi laushi saboda ninki. Na fara neman ƙananan haruffa, na same su a ƙasa. Kowane mutum-mutumi a madadin jama'a mai yawa yake, fiye da mutanen rugar nan da maƙwabtanta. Sai na bi layin ƙasa da yatsa har ƙarshe. Na ƙarshen ba shi da ƙafar hagu.

Na tsayar da yatsana a kansa. Kafin in yi magana Kawu ya ce, "Gurgun ka gani?"

"Kawu, ka san da shi?"

"Tun ran da aka kawo ta. Ni da nake hango saniya mai ɗingishi daga bakin rafi? Na tambayi Audu, ya ce tawada ce ba ta kama ba."

Malam Audu yana zaune a gefe a kan turmi, ya kwana a rugar. Ya sunkuyar da kai. "Baffa, ka yafe mini. Na san ba tawada ba ce. Na ga yadda ka yi murna ne."

Kawu bai dube shi ba. Ni ya duba. "Iro, kai ka yi aikin nan. Faɗa mini. Ƙafar mece ce?"

"Mutane ne, Kawu. Waɗanda suka tafi ba su dawo ba. Ba su isa su cika mutum-mutumi ɗaya ba, shi ya sa aka cire ƙafa."

"Suna da yawa?"

"Sun isa su cika masallacin Juma'a, ko su fi."

"A ƙafa ɗaya."

"A ƙafa ɗaya."

"Kuma ba a rubuta sunan kowa ba."

"Ba a rubutawa. Ba zan iya ce maka Dikko yana cikin ƙafar nan ba. Abin da zan iya cewa, takardar nan ba ta ce kowa ya dawo ba. Mu ne muka gani haka."

Ya daɗe yana shafa gurbin ƙafar da babban yatsansa. Hanne ta daina tatsa, tana tsugune, ba ta juyo ba. Can ya miƙe, ya shiga cikin garke, ya yi kira da irin sautin da Dikko ya yi wa bijimin nan a tashar jirgi. Wule ta ɗago kai, ta tsufa, ta taho da ɗanta a baya. Ya ɗaura mata igiya, ya jawo ta har inda Binta take wasa da ƙasa. Yarinyar da muka bari tana rarrafe yanzu tana gudu. Ya durƙusa ya sa mata igiyar a hannu, ya rufe 'yan yatsunta a kai.

"Riƙe. Ta ubanki ce. Yanzu taki ce."

A ruga ba a ba ɗa saniyar uban da ake jiran dawowarsa. Hanne ta ajiye ƙwaryar a hankali don kada nonon ya zube, sannan ta yi kukan da ta daɗe tana riƙewa.

"Gobe ka raka ni Batsari wurin alƙali," in ji Kawu. "Abin da ka gani kawai za ka faɗa."

"Shi kaɗai nake da shi, Kawu."

"Ya isa."

Binta ta ja igiyar da ƙarfinta duka, Wule ta bi ta.